Bango Ne Ya Tsage: Tarihin Tsaron Kwamfutar Gida

A ranar 11 ga Agustan 2003, mutane a Amurka da Turai da Asiya suka fara ganin wani abu da bai taɓa samunsu ba. Mutum zai kunna kwamfutarsa ta gida, ya haɗa ta da intanet, kafin ya buɗe ko da saƙo ɗaya sai wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allo yana sanar da shi cewa na'urar za ta mutu nan da daƙiƙa 60, ga lambobi na ƙirgawa baya a gaban idonsa. Ta mutu, ta tashi, ya sake haɗawa, akwatin ya dawo. Aikin wata tsutsar kwamfuta ce da aka laƙaba wa suna Blaster. Ba ta jiran mai na'ura ya danna komai, ba ta zuwa cikin wasiƙa, ba ta yaudarar kowa. Tana bin layin intanet ne tana laluben kwamfutoci masu manhajar Windows XP da Windows 2000, ta shiga ta wata kafa da kamfanin Microsoft ya bari a buɗe. Kamfanin ya fitar da facin wannan kafa tun ranar 16 ga Yuli, amma sai mutum ya san da zamansa ya amince a saka masa. Akwai ma katangar tsaro a cikin Windows XP wadda da tana aiki da tsutsar ba ta shiga ba, amma an sayar da manhajar da katangar a kashe, kuma yawancin masu saye ba su san tana nan ba.

Fiye da shekara talatin ana yi wa mai kwamfutar gida wa'azi iri ɗaya: kada ka buɗe saƙon da ba ka san mai shi ba, ka sa kalmar sirri mai wuya, ka sayi manhajar rigakafi, ka yi hattara. In ɓarna ta auku, shi ake fara tuhuma da sakaci. Tarihin lamarin bai goyi bayan wannan tuhuma ba. Duk wanda ya bi shi daki-daki zai ga cewa a kowane zango da kwamfutar gida ta sami sauƙi na gaske, sauƙin ya zo ne daga wanda ya ƙera ta ko ya rubuta manhajarta, ranar da ya toshe wata ɓaraka ga kowa da kowa ba tare da jiran shawarar mai saye ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a wannan tarihin wanda ya gina bangon ya daɗe yana ɗora wa ɗan haya aikin korar ƙadangare.

Tushen matsalar yana cikin yadda aka tsara na'urorin tun farko. Kwamfutar IBM da ta fito a 1981, da manhajarta DOS, an yi su ne don mutum ɗaya a ɗaki ɗaya, ba a haɗe da kowa ba. Babu bambanci tsakanin mai gida da baƙo: duk manhajar da aka kunna tana da ikon taɓa komai, ta goge, ta rubuta, ta canja. Haka Apple II take, shi ya sa a 1982 wani ɗan makarantar sakandare mai shekara 15 a yankin Pittsburgh, Rich Skrenta, ya iya rubuta Elk Cloner, wadda ke laɓewa cikin ƙwaƙwalwar na'ura ta kwafi kanta kan kowane faifai da aka zura. A 1986 wasu 'yan'uwa biyu a Lahore ta Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka yi irinta ga kwamfutocin IBM, ita ce Brain. Ba su ɓoye kansu ba, har sunayensu da adireshin shagonsu da lambobin wayarsu suka rubuta a cikinta, kuma daga baya sun ce nufinsu su gano masu satar kwafin manhajarsu. Faifai ya ɗauke ta daga hannu zuwa hannu har jami'o'in Amurka. Abin lura a nan shi ne babu wani daga cikin waɗanda suka kamu da ya aikata kuskure. Aron faifai shi ne hanyar da kowa ke samun manhaja da takardu a lokacin, na'urar kuma an ƙera ta ne ta gaskata duk abin da ta tarar a farkon faifan da aka tashe ta da shi.

Masana sun hango inda za a kwana tun da wuri. Fred Cohen, ɗalibin jami'ar Kudancin Kalifoniya, ya gwada ƙwayar cutar kwamfuta a 1983, kuma a rubutunsa na 1984 ya nuna da hujjar lissafi cewa ba za a taɓa samun manhajar da za ta gane kowace ƙwayar cuta ba tare da kuskure ba. Duk da haka, hanyar da kasuwa ta zaɓa ita ce ta farauta bayan ɓarna. John McAfee ya kafa kamfaninsa a 1987, wasu suka biyo baya, aka sami sabuwar sana'a: a sayar wa mutum na'ura mai rauni, sannan wani ya sayar masa da maganin raunin, yana biya duk shekara. Manhajar rigakafi ta yi amfani, ba a musun wannan, amma yadda take aiki a wancan zamani shi ne sai cuta ta fito, ta kama wasu, an kai samfurinta, an rubuta alamarta, an rarraba, sannan ta gane ta. Kullum tana baya da taki ɗaya. Kuma sana'ar tana ci ne da tsoro. A farkon 1992 aka cika duniya da labarin ƙwayar cutar Michelangelo, wadda za ta goge faifai ranar 6 ga Maris, har aka ruwaito McAfee yana cewa tana iya shafar kwamfutoci miliyan 5. Da ranar ta zo, abin da aka ƙirga bai wuce dubu goma zuwa ashirin ba, amma an sayar da rigakafi ba kaɗan ba.

Zangon da ya fi fito da gardamar fili shi ne na wasiƙun imel. A watan Maris na 1999 ƙwayar cutar Melissa ta ɓulla cikin takardar Word. Da an buɗe ta sai ta aika kanta ga mutum 50 na farko a littafin adireshin manhajar Outlook. Shekara guda bayan haka, ranar 4 ga Mayun 2000, ILOVEYOU ta taso daga Manila. Wanda ya rubuta ta ɗalibin kwalejin kwamfuta ne, Onel de Guzman, kuma abin da yake nema shi ne kalmomin sirrin shiga intanet na mutane, domin kuɗin haɗi ya fi ƙarfinsa. Saƙon yana zuwa ne daga wanda ka sani, abokin aiki ko ɗan'uwa, da wani abu maƙale da ke kama da wasiƙar soyayya. Cikin kwanaki ta kama miliyoyin kwamfutoci, ta lalata hotuna da takardu, ma'aikatar tsaron Amurka da majalisar dokokin Birtaniya suka rufe imel ɗinsu. Ba a hukunta de Guzman ba, don ƙasar Filifin ba ta da dokar da ta haramta abin da ya yi sai a watan Yuni na wannan shekara. A 2020 wani ɗan jarida ya ba da labarin cewa ya same shi yana gyaran waya a wani ɗan shago a Manila, de Guzman kuma ya amsa cewa shi ya yi.

A lokacin an yi ta zagin waɗanda suka buɗe saƙon, ana cewa wauta da son banza ne suka ja musu. Amma a duba abin da mutumin ya gani a allonsa. Sunan abin da aka maƙala yana ƙarewa ne da tambarin nau'i guda biyu: na farko yana nuna takardar rubutu ce zalla, wadda ba ta iya cutar da komai, na biyu kuma, wanda shi ne na gaskiya, yana nuna umarni ne da na'ura za ta zartar. Windows tana ɓoye wannan na ƙarshe bisa tsarin da aka sayar da ita da shi. Wato mai hankali, wanda ya koyi cewa takardar rubutu ba ta da haɗari, shi ne na'urarsa ta yi wa ƙarya. Bayan haka, danna biyu kawai ya isa umarnin ya fara aiki da cikakken iko, kuma Outlook tana barin kowace manhaja ta buɗe littafin adireshi ta aika wasiƙa da sunan mai shi ba tare da tambaya ba. Waɗannan abubuwa uku duk shawara ce da wasu injiniyoyi suka yanke a ofis. A watan Yunin 2000 Microsoft ta fitar da gyara ga Outlook wanda ke hana buɗe irin waɗannan maƙale-maƙale, yake kuma tambayar mai na'ura kafin wata manhaja ta taɓa littafin adireshinsa. Da gyaran ya zama tsarin sababbin fitowar Outlook, wannan nau'in annoba ya fara ja da baya. Halin ɗan Adam na son sanin wa ke sonsa bai canja ba ko kaɗan.

Daga 2001 zuwa 2004 abin ya kai maƙura. Tsutsotsin Code Red da Nimda suka zo a 2001. Ranar 15 ga Janairun 2002 Bill Gates ya rubuta wa ma'aikatansa cewa daga yanzu tsaro ya sha gaban ƙara wa manhaja sababbin kayan ado, aka dakatar da dubban injiniyoyin Windows daga aikinsu don su koyi rubuta manhaja mai aminci su kuma binciki abin da suka riga suka rubuta. Kafin a ga amfanin hakan, Slammer ta zo a Janairun 2003, ta kama kusan na'urori 75,000 cikin minti goma, ta durƙusar da intanet a Koriya ta Kudu, alhali facinta ya yi wata shida da fita. Blaster ta biyo a Agusta, Sasser kuma a ƙarshen Afrilun 2004, wadda wani matashi a wani ƙauye na arewacin Jamus, Sven Jaschan, ya rubuta yana ɗan shekara 17. Sai a watan Agustan 2004 aka fitar da babban gyaran Windows XP na biyu, wanda ya kunna katangar tsaro ga kowa, ya kuma matsa wa mutane su bar na'ura ta riƙa sauko da faci da kanta. Katangar ba sabuwa ba ce, tana nan tun 2001. Abin da ya canja shi ne matsayin maɓalli ɗaya, daga kashe zuwa kunne. Bayan wannan, tsutsar da ke shiga kwamfutar gida don kawai an haɗa ta da intanet ta zama abu mai wuyar gani, bayan da ta kasance abin kowane wata.

Misali na gaba mun san shi a nan gida, domin ya shafi duk wanda ya taɓa kai filashi kafe ko shagon buga takardu ko wurin masu tura waƙa da fim. A da Windows tana da wani tsari na kunna manhajar da ta tarar a faifai ko filashi da zarar an soka shi, an yi shi ne don sauƙaƙa wa mai saka sabuwar manhaja. Masu rubuta ƙwayoyin cuta suka mai da shi hanyarsu, har Conficker da ta fito a ƙarshen 2008 ta kama miliyoyin na'urori ta bi ta nan. An shekara da shekaru ana gaya wa mutane su bincike filashi kafin su buɗe, shawarar da ba ta da ma'ana tunda cutar tana shiga tun kafin a kai ga bincike. Microsoft ta kashe tsarin ga filashi a Windows 7 a 2009, sannan a Fabrairun 2011 ta tura gyaran ga XP da Vista. Cikin 'yan watanni kamfanin ya ba da rahoton cewa kamuwa da irin waɗannan cututtuka ta ragu da fiye da rabi. Babu wani gangamin wayar da kai da ya taɓa kawo irin wannan ragi cikin irin wannan lokaci. Ita ma manhajar rigakafi sai da aka daina ɗaukarta kayan sayarwa daban: an ba da ita kyauta a 2009, aka gina ta cikin Windows 8 a 2012. Su kuma umarnan da ake ɓoyewa cikin takardun Word da Excel, hanyar da Melissa ta bi, sai a 2022 aka toshe su ga takardun da suka zo daga intanet, shekara 23 bayan an ga ɓarnarsu.

Labarin kalmar sirri ya fi ciwo, don a nan shawarar da aka bai wa mutane ita kanta ta cutar da su. A 2003 Bill Burr na hukumar ƙa'idoji ta Amurka, NIST, ya rubuta jagorar da ta ƙarfafa al'adar cakuɗa manyan haruffa da ƙanana da lambobi da alamomi, ofisoshi kuma suka riƙe dokar canja kalmar sirri duk bayan 'yan watanni. Mutane suka yi abin da ƙwaƙwalwa ke iya ɗauka: su ƙara lamba ɗaya a ƙarshe, su canja ta zuwa ta gaba in wa'adi ya cika, su yi amfani da kalma ɗaya a wurare goma. A 2017 Burr ya shaida wa jaridar Wall Street Journal cewa yana nadamar yawancin abin da ya rubuta, hukumar kuma ta janye shawarar canji na wa'adi a wannan shekarar. Tun a 2009 wani mai bincike a Microsoft, Cormac Herley, ya yi lissafin cewa in aka haɗa lokacin da bin dukkan shawarwarin tsaro zai ci wa mutane, ya fi asarar da shawarwarin ke karewa, saboda haka wanda ya yi biris da su ba wawa ba ne. Abin da ya yi aiki daga baya ya sake fitowa daga ɓangaren kamfani. A 2021 Google ta kunna wa mutum miliyan 150 tabbaci mai mataki biyu ba tare da sun nema ba, ta kuma ce satar asusu a cikinsu ta ragu da rabi. Wannan tsari ya shekara goma yana nan ga mai so, kaɗan ne suka je suka kunna.

Haka aka sake gani da Mirai a 2016. Wasu matasa uku a Amurka suka rubuta manhajar da ke yawo a intanet tana gwada sunaye da kalmomin sirri kusan sittin, irin waɗanda masana'anta ke sakawa a kyamarorin tsaro da na'urorin raba intanet na gida, iri ɗaya ga duk wanda ya saya. Dubban ɗaruruwan na'urori suka faɗa hannunsu, daga baya wasu suka yi amfani da manhajar suka kai hari kan kamfanin Dyn ranar 21 ga Oktoba, Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka suka ɗauke a sassan Amurka. Wani ɗan Birtaniya, Daniel Kaye, ya yi amfani da wani reshen manhajar ya afka wa kamfanin sadarwa na Lonestar a Laberiya, aka ɗaure shi a 2019. Masu kyamarorin ba su san abin da ake yi da kayansu ba, wasu na'urorin ma ba su da hanyar canja kalmar. Wannan karon hukumomi suka nufi inda matsalar take: jihar Kalifoniya ta hana sayar da na'ura mai kalmar sirri ta gama-gari daga farkon 2020, Birtaniya ta bi sahu a Afrilun 2024.

Mai ja da wannan magana yana da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Ta farko ita ce WannaCry. Ranar 12 ga Mayun 2017 wannan manhajar garkuwa da bayanai ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe 150 tana neman kuɗin fansa, asibitocin Ingila suka soke ganin likita kusan 19,000. Microsoft ta fitar da facin kafar da ta bi tun 14 ga Maris. Za a ce to ga shi, kamfani ya yi nasa, masu na'ura ne suka yi sakaci wata biyu. Akwai gaskiya a ciki, musamman ga manyan ma'aikatu masu jami'an kwamfuta da ake biya don wannan aiki. Amma a duba su wa suka kamu. Mafi yawansu masu Windows 7 ne, inda ake iya kashe sabuntawa ko a ɗage ta yadda aka ga dama, galibi a ofisoshin da ke jinkirta faci. Kwamfutocin gida masu Windows 10, wadda mutane ke ƙorafin tana sabunta kanta ko ba a so, sun tsira kusan gaba ɗaya. Kuma ita kafar, hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ta san da ita ta riƙe ta a matsayin makami, har aka sace makamin aka watsa a intanet. Da wuya a ɗora alhakin wannan kan mai shagon buga takardu.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. In aka ce kamfani ya riƙe ikon canja na'urarka daga nesa, to ranar da kamfanin ya yi kuskure ko aka kutsa masa, hanyar magani ta zama hanyar cuta. Ya faru. A Yunin 2017 manhajar ɓarna ta NotPetya ta shiga ne ta sabuntawar wata manhajar lissafin haraji ta Yukren, M.E.Doc, ta yi ɓarnar biliyoyin daloli. Ranar 19 ga Yulin 2024 wani gurɓataccen gyara daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya kashe kwamfutoci miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi. Tun a 2005 ma an kama Sony BMG tana dasa ɓoyayyiyar manhaja a kwamfutocin masu sayen faifan waƙoƙinta. Ba na ganin akwai amsar da za ta share wannan. Abin da za a iya cewa shi ne a auna: waɗannan aukuwa ana ƙirga su da yatsu, alhali ɓarnar na'urar da ba a yi wa faci ba ta kowace rana ce. Kuma abin da suke nunawa shi ne iko ba ya tafiya shi kaɗai, sai da alhaki a bayansa. Tun farkon wannan sana'a masu manhaja ke rubuta a takardar yarjejeniya cewa ba su ɗauki nauyin kowace asara ba, abin da ba a yarda wa mai yin magani ko mai ƙera mota. Tarayyar Turai ta fara taɓa wannan da dokar da ta fara aiki a Disambar 2024, wadda daga ƙarshen 2027 za ta tilasta wa masu ƙera kayan da ke haɗuwa da intanet su riƙa gyara raunin kayansu na tsawon shekaru.

Hujja ta uku ita ce ta fi kusa da mu. Za a ce duk wannan tarihin na'ura ne, ɓarawon yau kuwa ba ya fasa na'ura, mutum yake fasawa. Ya kira ka a waya da murya mai ladabi ya ce daga banki ne, an rufe asusunka saboda matsalar BVN, ka karanto masa lambar da aka turo maka yanzu. Wace katanga ce za ta hana mutum faɗin lamba da bakinsa? A nan kam hattarar mutum tana da muhimmanci, kuma wayar da kai tana ceton dukiya. Sai dai komawar ɓarayi ga baki ita kanta shaida ce cewa toshe kafofin na'ura ya yi aiki, tunda ba wanda zai zauna yana lallashin mutum ɗaya-ɗaya in yana iya kama dubu goma cikin minti. Sannan ko a nan ba mai asusu ne kaɗai ke da abin yi ba. Kuɗin da aka sace ba iska suke bi ba, wani asusu suke shiga, wanda wani banki ya buɗe wa wani mutum. Ross Anderson na jami'ar Kambirij ya nuna tun shekarun 1990 cewa bankunan Amurka, waɗanda doka ta ɗora wa nauyin tabbatar da cewa mai kati ne ya ciri kuɗi, sun fi na Birtaniya kula da tsaron injinan cirar kuɗi, inda ake ɗora wa mai kati laifi. Birtaniyar ta koyi darasi: daga 7 ga Oktoban 2024 dole banki ya mayar wa wanda aka yaudara ya tura kuɗi da hannunsa, har fam 85,000, bankin da ya aika da wanda ya karɓa su raba asarar biyu. Bankin da ya san zai biya shi ne zai tsaya ya binciki sabon asusun da kuɗi ke kwarara cikinsa da tsakar dare.

Inda wannan tarihi ya fi taɓa mu shi ne wa'adin tallafi. An daina yi wa Windows XP faci ranar 8 ga Afrilun 2014, Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinta na gama-gari ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma tsofaffin na'urori da yawa ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba. Kwamfutocin da ofisoshin Turai da Amurka ke zubarwa saboda wannan dalili su ne ke zuwa kasuwanninmu a matsayin na gwanjo, a ɗora musu manhajar da aka fasa, mai gyara ya kashe sabuntawa don kada ta cinye data ko ta tona cewa kwafin ba na halal ba ne. Ɗalibin da ya sayi irin wannan ya koma matsayin mai kwamfutar 2003, komai hattararsa. Wanda zai saya ya tambayi mai shago wace manhaja ke ciki da kuma ko ana yi mata faci har yanzu. In na'urar ta tsufa, manhajar Linux kyauta ce kuma ana sabunta ta. Wanda ke da ita a hannu ya bar sabuntawa a kunne ko da sai ya nemi inda data ke da araha, ya kunna tabbaci mai mataki biyu a imel da WhatsApp, ya ajiye kwafin takardunsa a wani faifan da ba ya zama a haɗe. Abin da ya wuce wannan ba nasa ba ne. Najeriya tana da dokar laifuffukan intanet tun 2015 da dokar kare bayanai ta 2023, kuma lokaci ya yi da Babban Banki da hukumar NITDA da 'yan majalisa za su rubuta a fili nawa ne rabon banki da kamfanin sadarwa da mai shigo da kaya daga asarar da ake barin talaka ya ɗauka shi kaɗai.